Gashin da Zuhura Ta Ƙunshe

Katangar da ta raba gidanmu da na Zuhura a Kankiya ta ƙasa ce, ba ta riƙe magana. Wata Laraba da hantsi na ji muryar Hajiya Nana Aisha, matar da Zuhura ta shekara tara tana yi wa kitso, tana neman a ba ta gashinta.

"Duk wanda ya zube daga kaina tun ranar da na fara zama gabanki, shi nake so. Ki fiddo mani shi."

Zuhura ta tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai ranar da ta tashi daga tabarmar nan ba a danƙa mata ƙunshinta a hannu ba. Hajiya ta ce ita ba tuna baya ya kawo ta ba, abin da ta gani a talabijin ta gani, duniya ma ta gani.

Ga asalin maganar. A ƙauyen Boko na ƙasar Kusada aka haifi Zuhura, a hannun gwaggonta Kulu ta tashi, makitsiyar da amare ke jiran layi a ƙofarta. Shekara guda cur Gwaggo Kulu ba ta bar ta ta riƙe kibiya ba, tsinta kawai ta sa ta. In an gama kitso, Zuhura ta tsince gashin da ya maƙale a mataji, da na kan tabarma, da na cinyar gwaggo, ta ƙunshe a takarda, ta sa wa mai shi a tafin hannu. Mai gashi ta je ta binne abinta, don kada wani ya tsinta ya kai wa boka. Ranar da Zuhura ta bar sili biyu a ƙarƙashin kujera, gwaggo ta ja kunnenta har ya yi ja, ta ce duk abin da ya zube daga kan mace a gaban makitsiya amana ne.

Aure ya kawo ta Kankiya, gidan Haladu mai gyaran babur. Hannunta ba zafi, tsagarta kamar an ja da zare. Daga Rimaye da Sukuntuni ake ɗauko ta kitson biki. Wata amarya ta ɗauki hoton shukun da ta yi mata ta sa a waya, ya yi ta yawo har ya isa hannun wani Umar, mai shirya wani shiri a wata tashar talabijin. Mata goma sha biyu ake tarawa a gida ɗaya, kyamara ta ko'ina, kowane mako masu kallo su kori ɗaya. Umar ya gayyaci Zuhura. Haladu ya yi ɗari-ɗari, daga baya ya bari. Ita kuwa, a faɗi gaskiya, ba don ɗaukaka sana'a ta tafi ba, kamar yadda ta riƙa faɗa. Ta gaji da ganin ƙeyar mutane, tana son a ga fuskarta.

A mako na uku ta yi wa wata abokiyar takararta, Shamsiyya, kalaba. Ana gamawa aka kira Shamsiyya, ta tashi da gudu. Hannun Zuhura ya yi abin da ya saba: ta tsince gashin, ta ƙunshe, ta soke a haɓar zani. Bayan azahar ta ba mai shi. Shamsiyya, ’yar birni, ta yi dariya ta jefa a kwandon shara.

Tsintar aka nuna wa duniya. An nuna ta sau uku, a hankali, da wani kiɗa mai sa tsigar jiki tashi. Mayarwar kuwa aka yanke. Da zazzaɓi ya kwantar da Shamsiyya a makon, kuma masu kallo suka kore ta, magana ta haɗu. Aka sa wa Zuhura suna Mai Ƙunshi, aka yi ta zaɓenta don a ga wa za ta ci nan gaba, har ta kai ukun ƙarshe ba ta san dalili ba.

Ita ma da nata laifin. Da ta fito ta ga abin da aka yi, Umar ya ce mata suna irin wannan kuɗi ne, ba a wanke shi da wuri. A hira biyu aka tambaye ta ƙunshin, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Sai da ta dawo ta tarar da tabarmarta ba kowa, sannan ta fara rantsuwa, lokacin kuwa rantsuwa ta yi arha.

Yaran birni da ba su taɓa ganin an ƙunshe gashi ba, na yi masu uzuri. Umar ban yi mishi ba, don uwar da ta haife shi ’yar ƙasar nan ce, ya san abin da ya yanke. Amma waɗanda suka fi ci mani rai matan garinmu ne. Wace ce a cikinsu ba ta taɓa fita daga gidan nan da ƙunshi a hannu ba? Sun san al'adar kamar yadda suka san hanyar rijiya. Me ya sa suka zaɓi su manta?

Labari ne ya iso cewa Umar na shirya wa Zuhura shirinta na kanta, tana kitso tana ba da labarin abin da makitsiya ke ji. To mace in ta kwantar da kai a cinyar makitsiya, ba ta ganin idon kowa, bakinta sai ya saki. Hajiya Nana Aisha ta sha jiƙa zanen Zuhura da hawaye. Ba boka take tsoro ba. So take a gama da sunan matar nan tun kafin ta buɗe baki, yadda ko ta faɗi gaskiya za a ce ai Mai Ƙunshi ce.

Shi ya sa ran nan ta ajiye babban makaminta sai ƙarshe. Ta ce bikin ɗiyarta Hawwa saura mako, kuma wata za a kira daga Kusada ta yi kitson amarya. Kowa ya san inda kan ɗiyar Hajiya ya tafi, nan kawunan unguwa za su bi. Na yafa gyale na zagaya.

Na tarar da su a soro. Kitson kan Hajiya ya tsufa, yana leƙowa ta gefen ɗankwali, har yanzu tsagar Zuhura ce. Wayar Zuhura na ta ƙara a hannunta, sunan Umar a kai. Kalma ɗaya ta isa ta sa Hajiya ta kawo amarya da kanta, wato Zuhura ta ce za ta amsa kiran Umar. Na ga ta dubi wayar, na ga ta so. Sai ta kashe ta, ta ɗaga wa Hajiya labulen ƙofa.

"Na faɗa mishi tun jiya ba ni zuwa. Gashinki duk kin karɓa, Hajiya, kin sani. Sauran da kika zubar a cinyata, Gwaggo Kulu ba ta koya mani mayarwa ba, binnewa ta koya mani. Ki kai Hawwa inda kike so, amma ki ja mata kunne, in an kwantar da kanta ta yi shiru."