Mainassara Kyari, Maƙerin Mundayen Iyayenmu

Duk wanda ya saba bi ta bakin kasuwar Magariya da safe ya san rumfar zanar nan da ke bayan masu goro. Kafin ƴan kabu-kabu masu haya da babur su gama shan shayi, Baba Mainassara Kyari ya riga ya share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzunsa. Sai ya zuba gawayi, ya dinga taɓa zuga-zugi a hankali har wuta ta kama. Ba ya fara aiki sai ya jera masaba da awartaki da magagari a gabansa, ya duba ɗan kaskon da yake narka azurfa a ciki ko ya tsage, sannan ya yi bisimilla. Haka na gan shi tun ina tafiya makarantar lakwal da ƙafa, haka yake har bayan Sallar layya ta bana, lokacin da idanunsa suka gaji, ya miƙa rumfar ga ɗan ƙanensa Hamissou, magidancin da ya daɗe yana aiki a gefensa.

Maƙerin fari ne. Fartanya da gatari ba aikinsa ba ne. Nasa shi ne munduwa da awarwaro da zobe da ƴan kunne, abin da mace za ta sa ranar farin ciki, ta kuma bar wa ƴarta. A hannun mahaifinsa ya koya, shi kuwa mahaifin a Damagaram ya zauna da maƙeran birni, har ya ɗan taɓa zama da Buzayen da ke saukowa daga Agadas. In Baba ya sami mai saurare, yakan ba da labarin zamanin da fatake ke kawo tsofaffin kuɗin azurfa masu kan mace a jiki, a narka su a zuba mundaye masu nauyin da sai mace ta saba da su kafin ta iya daka. Daga baya mahajjata suka fara dawowa da zinariyar Makka, ƴan kasuwa suka bi da ta Dubai, yau kuma ga mai sheƙi ta kwali wadda damina ɗaya ke wanke ta. Ban taɓa jin ya zagi ko ɗaya ba. Iyaka ya ce, "Kowace da ranarta. Amma in kina son wadda jikarki za ta gani, zauna mu yi magana."

Mutanen Bande suna da nasu labarin a kansa. Wata shekara da kaka, maciji ya sari wata matar garin mai suna Ƙande a hannu tana roron wake. Kafin a iso da ita gidan likita a Magariya hannun ya kumbura sosai, ga wata munduwa mai kauri da aka sa mata tun tana budurwa ta nutse cikin nama, yatsun sun fara baƙi. Majo Zakariya, ma'aikacin jinya, wanda shi ya ba ni labarin, ya yi mata allurar dafin, amma ya ga in ba a cire munduwar ba jini ba zai gudana ba, hannun na iya tafiya. Almakashinsu bai ko yi mata ƙwarzane ba. Sai ya aika a kira Baba.

Baba ya bar wuta a kunne, ya hau bayan kabu-kabu da magagari a aljihu. Da ya duba hannun sai ya nemi cokali, ya buge shi ya yi fale-fale, ya zura shi tsakanin azurfar da fata. Ya ce da majo ya dinga zuba ruwa kada ƙarfen ya yi zafi. Ƙande na kuka, ashe ba zafin ba ne kawai.

"Baba, ta innata ce," in ji ta. "Ita kaɗai ta bar mini. Kada ka lalata ta."

"Ƴata, ai na san ta," in ji shi. "Dubi wannan zanen mai kamar ƙayar kifi, hannun mahaifina ne. Shi ya ƙera, ni zan yanke, ni kuma zan haɗa miki. Ke dai ki riƙe salati."

Ya yi ta gugar azurfar a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa, har ta rabu, ya sa awartaki biyu ya buɗe ta. Majo ya ce ko ƙwarzane bai gani a fatar ba, kuma yana kallo launin yatsun ya fara dawowa. Ƙande ta warke. Da ta zo kasuwa bayan an gama sussuka, ta tarar da munduwarta a haɗe, an ƙara mata faɗi yadda za ta iya cire ta in ta so. Ta juya ta, ta sake juyawa, ba ta gano inda aka yanke ba.

Kai ne ka bar wutarka da kayanka a buɗe a tsakiyar kasuwa saboda hannun matar da ba ka taɓa gani ba, Baba. Da aka tambaye ka wa zai tsare rumfa, ka ce masu goro suna da ido.

Labari na biyu daga bakin Zulaiha na ji shi, wata mai sayar da atamfa a Dungas. Da mahaifiyarsu ta rasu, aka raba komai lafiya sai munduwa ɗaya ta azurfa, wadda tsohuwar ta yi aure da ita. Su uku ne mata, Hassana babba, da Samira, da ita Zulaiha auta, kowa na ganin ita ta fi cancanta. Magana ta yi tsami har Hassana da Samira suka daina gaisawa ko a gidan suna. Kawunsu ya gaji, ya kwaso su a mota ya kawo su wurin Baba, ya ce a sare ta gida uku kowa ta ɗauki gutsurenta.

Baba ya karɓa, ya daɗe yana shafa ta. Ya ce, "Alhaji, in na sare ta kowa za ta tafi da guntun ƙarfe, ba wadda za ta tafi da uwarta." Ya ɗauko kakin zuma ya danna munduwar a ciki, zanenta ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ya ce zai narka ta ya fitar da awarwaro uku masu wannan zanen, in sun yarda. Suka yarda da ƙyar. Sai ya dafa kafaɗarsa ya ce yau ciwo take, ga shi kuma ya aiki Hamissou, dole su za su yi masa zuga.

"Mu mata, Baba?" in ji Hassana.

"Wuta ba ta tambaya, Hajiya. Zauna nan. In kin gaji ƙanwarki ta karɓe ki."

Zulaiha ta ce Hassana ta fara zugar da fushi, toka ta tashi ta bule mata fuska. Samira ta yi ta danne dariya har ta kasa, ta cire gefen mayafinta ta goge wa yayarta ido, ta karɓi zuga-zugin. Da azurfar ta narke ta zama ruwa tana juyi a kaskon, sai su ukun suka fashe da kuka. Zulaiha ta ce ko a ranar jana'iza ba su yi kuka tare irin na wannan rana ba. Daga baya Hamissou ya gaya mini cewa kafaɗar Baba lafiyarta ƙalau, shi kuma yana bayan rumfa a zaune inda aka ce ya ɓuya. Yau in ka je biki a danginsu za ka ga awarwaron nan uku a hannuwa uku, a tabarma ɗaya.

Na ziyarce shi ranar Juma'ar da ta wuce. Yana zaune a zaurensa, jikokinsa na shige da fice, yana ta zolayar tsohuwarsa Maimuna wai yanzu ne za ta gaji da ganinsa. Na tambaye shi ko yana kewar rumfa. Ya ce ya ci, ya sha, ya aurar, ya je Makka, duk daga bakin wutar nan, me kuma zai nema?

Mun gode, Baba Mainassara, sarkin haƙuri a gaban wuta. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma matasan da ke da sana'a a hannu, ko ɗinki ne ko gyaran babur, ku riƙe ta da irin wannan mutunci, ku dubi mai kayan kafin ku dubi kayan. Wanda yake kusa ya je ya gaishe shi tun yana jin gaisuwar.

Ina shirin tashi wata matashiya ta yi sallama, goye da jaririya, baƙuwa ce daga wajen iyaka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ba zai gane ta ba. Ya ce ido kam ya tafi, amma ta miƙo hannu. Ya bi awarwaronta da babban yatsa, ya tsaya, ya sake bi.

"Wannan na Amarya mai ƙosai ne, ta bakin tasha. Ni na yi mata shi shekarar da ta haifi ƴa mace." Ya ɗago kai yana murmushi. "To, ke ce ƴar?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Ga kuma jikarta na kawo maka, ita ma a auna hannunta."