Masaukin da Na Ce Ban Isa Ba

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da gero ya bushe a tsaye a gonakinmu na gabas da Ɗanbatta, mahaifinmu ya tura mu ci-rani, ni da ƙanena. Ya ce rumbun gidan ba zai ciyar da ƙarti biyu ba. Ɗaya ya nemi wurin zama a can ya riƙa aiko da abin da ya samu, ɗaya ya dawo kafin damina ya kama fartanya. Bai ce wane ba. Ni dai na san wanda nake so ya zauna. Na gaji da noman da ba ya ba da komai sai kanta a hannu, kuma ni ne babba.

Kanwa muka ɗauka, don an ce masu shanu a kan tsaunin Mambila suna nemanta ido rufe. Motar ta yi ta hawa tana nishi, kunnuwana suka toshe. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda daga ƙofar gidanku kake hango hayaƙin ƙauyen maƙwabta, sai ga mu inda gajimare ke tsallaka titi. Sanyin wurin jiƙaƙƙe ne, har cikin ƙashi yake shiga.

Neman masauki ya ba mu wuya. A wurinmu baƙo gidan mai unguwa yake nufa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, shi ke nan. Can kuwa wanda ya kwana a buɗaɗɗen zaure sai dai a kwashe shi. Otal ɗin farko da aka nuna mana kusa da tasha, kiɗa ne da kwalabe, tun daga ƙofa muka juya. A wani gidan saukar baƙi mai furanni, mai gadi ya dubi buhunanmu da takalmanmu na taya, ko tashi bai yi ba. Ɗakunan direbobi na bayan gareji kuwa a cike suke maƙil. Daga ƙarshe wata mai tuyar ƙosai ta nuna mana wata 'yar hanya da ta miƙe sama, ta ce mu bi har mu ga hayaƙi.

'Yan ɗakuna ne na ƙasa da rufin kwano a tsakanin itatuwan turare, da murhu a tsakiyar ɗakin zama. Fatake da dillalan shanu ne baƙin wurin. Mai gidan dattijo ne ɗan ƙasar, tsohon direba, Hausarsa ta tasha ce, gajeriya, ba ta da kwana-kwana. Muna sauke kaya ya ce, "Za ku ci abinci?"

Na ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe muke."

Haka aka koya mana. A gidanmu baƙo sai ya ƙi, mai gida ya sake tayi, ya sake ƙi, a haɗa shi da Allah, sannan ya wanke hannu. Wanda ya amsa tun tayin farko, har ya bar garin ana maganarsa. Sai na ji ƙanena a bayana ya ce, "Ni dai Baba, yunwa nake ji." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Aka kawo masa tuwon masara da miyar ganye yana tururi, ni kuma na zauna ina jiran tayi na biyu. Dattijon ya tafi faskare.

Haka aka yi da bargo. Na ce mayafina ya isa, aka ce to. Na wayi gari haƙorana na haɗuwa, shi kuwa gogan ya fito yana miƙa, wai har gumi ya yi.

Daga nan fa abin ya fara cina. Kafin wata ya zagayo ƙanena ya zama ɗan gida. Ya iya gaisuwar Fulani, ya iya ta mutanen ƙasar, matar dattijon takan ajiye masa piya, wani ɗan itace mai maiƙo, a gefe. In sun zauna da dattijon a bakin murhu suna ƙyaƙyata dariya, ni ina can ina ɗinke buhu, sai in ji haushi ya kama ni. Kishi ne, ba wani abu ba. Yaron da ni na goya, ni na koya masa riƙe hauya, shi ne yau ake kira ana cewa "ina ɗan Kanon nan", kamar ni daga wani gari na fito. Alhali ni ke bin rugage da kanwa a ka, ni na toshe yoyon kwano, ni ke share ɗakunan in baƙi sun tashi.

Ashe dattijon yana gani. Da damina ta kusa, wata hantsi yana shan rana a ƙofar gida yana matsa gwiwoyinsa, ya kira mu mu biyu. Ya dube ni ya ce, "Kai babba, na ga aikinka. Ƙafafuna sun gaji. Ka zauna ka riƙe mini masaukin nan."

Wallahi sai da na ji zuciyata ta yi tsalle. Abin da na hau dutsen nan dominsa ke nan. Kuma na riga na san mutumin, na san ba ya maimaita magana. Amma ga ƙanena a tsugune a gefena yana kallona, yaya babba zai wafce abu a gaban ƙaninsa tun kafin a rufe baki? Bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Haba Baba, ni wa? Ai ban isa ba. Ga dai ƙanena, ya fi ni sabo da mutane."

Ya ce, "To." Ya juya wurin ƙanena. "Kai fa?"

Ban damu sosai ba a lokacin, don na san ni da ƙanena gida ɗaya muka fito, zaure ɗaya ya rene mu. Ya san abin da ake cewa. Zai ce a'a, Yaya ne ya dace, sai maganar ta dawo kaina in karɓa da mutuncina. Na zuba masa ido ina jira.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina so, Baba." Sannan ya waiwayo ya ce, "Na gode, Yaya."

Ni kaɗai na gangaro. Na iso gida ana sharar gona, na ce wa mahaifinmu ƙanena ne ya samu wuri, ban ƙara komai ba. Ba a daɗe ba wani direba ya kawo buhun masara daga can, da saƙon baki cewa ni aka fara ba wurin, na bar wa ƙanena. Mahaifinmu, wanda bai taɓa yabona a gaban mutane ba, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ba da labarin. Dattawa suka yi ta miƙo mini hannu suna sa albarka, ni kuma ina amin.

Masarar nan ita ta riƙe mu har girbi, kuma na ci, don yunwa ba ta bar mini zaɓi ba. Ƙanena yana can har yau, masaukin ya zama nasa, ya ƙara ɗakuna. Har yanzu in 'yan'uwa suka yi rikici a ƙauyenmu a kan gona, ni ake kira in yi musu nasiha, wai ni ne na san yadda ake bar wa ƙani abu. Sai in sa hula in je.