Rubutu a Kofin Asibiti

Hutun makaranta na zo Wudil, niyyata in ci naman suna in koma. Yayata ta haifi namiji, amma ta zubar da jini da yawa, kuma kafin ranar suna fitsari ya ɗauke mata. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika har idanu suka shige. Aka kai ta ɗakin shan magani na garinmu, mai gado biyu da langa guda.

Mun yi sa'a likita ya zo rangadi daga birni. Bature ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, don haka aka tura ni gaba in fassara wa mata. Ya ce ƙodar Yaya ce ta tsaya da aiki. A ƙasarsu akwai injin da ke wanke jini kafin ƙoda ta farfaɗo, amma ko a birni babu shi.

"Wanke jini?" in ji Kaka, mahaifiyar babanmu. "Ce masa ga kogi nan, in sabulu ne ma mu saya."

Ban fassara wannan ba.

Abin da ya rage, in ji likita, shi ne a jira. Ba gishiri, ba kanwa. Ruwa kuwa kofi ɗaya tak a yini, don duk abin da ta sha a jikinta zai zauna, in ya yi yawa ya hau ƙirji ya shaƙe ta. Ya miƙo mini wani kofin silba, ya hau motarsa ya tafi.

Yaƙin farko da kunun kanwa aka yi shi. Kaka ta damo shi cike da ƙwarya, na tare ƙofa.

"Ke ja'ira, maijego ba kunun kanwa? Ubanki ma da shi na shayar da shi."

"To Kaka, ki shanye, ko kya samu ruwan nono ki taya mu."

Ta kai mini duka da mafici, amma ta koma da ƙwaryarta. Na ɗauka na gama da su.

Sai dai Yaya kullum ƙara cika take yi. Awarwaronta ya nutse a hannu sai da aka yanke shi. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai a jingine ta da bango. Malamin asibiti ya dube ni ya ce, "Anya kofi ɗaya take sha?" Na rantse masa. Har yanzu ina tuna ƙarar numfashin nan, kamar ana hura wuta da zugazugi.

Wata ranar Juma'a na je shanya tsumman jariri, na dawo da wuri saboda hadari. Na tarar da Kaka riƙe da kan Yaya, tana ɗura mata wani baƙin abu daga ƙoƙo. A bakin gado ga wasu ƙoƙuna a jere.

"Kaka, ruwa kike ba ta?"

"Wane irin ruwa? Rubutu ne."

Ashe duk wanda ya zo dubiya, daga Lajawa, daga Indabo, daga dangin mijinta, da wankin allon malaminsa yake zuwa. Ba ɓoye mini suke yi ba. A wurinsu ayar Allah da aka wanke ba ta cikin lissafin ruwa, sun dai fi son bayarwa in 'yar boko ba ta kusa, kada ta yi musu surutu.

In na ce a zubar, kafin la'asar gari ya ɗauka an kai ni makaranta na bar addini. In na yi shiru, Yaya ta mutu. Na ja mayafi na tafi zauren limamin unguwarmu, na durƙusa daga bakin ƙofa, na kwashe labarin kofin likita na faɗa masa.

"Allah gafarta Malam, albarkar rubutu a yawan ruwan take?"

Ya yi dariya har ya ajiye alƙalami. "Yarinya, da haka ne ai a kogi za mu riƙa wanke allo. Kawo kofin naku."

Daga ranar alluna ake kawowa, ba ƙoƙuna ba. Duk a wanke su da ruwan kofi ɗayan nan, ya fito kauri kamar kunu. Yaya ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ƙanwata, tawada kike ba ni ko magani?"

"Sha, Yaya. Malamai biyar ne a ciki."

Kwanaki suka ja, kumburin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Sai wata safiya ta ce a miƙo mata tasa. Fitsarin da ya fito bai cika ludayi ba, ja kamar zoɓo. Kaka ta ɗauki tasar ta fita tsakar asibiti tana rangaɗa guɗa, masu jiran allura suna tambaya ko wata haihuwar aka yi. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kuka. Kafin azahar Yaya ta sake neman tasar.