Ɗigon Da Aka Ce Kada Mu Toshe

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na tsaya cikin ruwa har idon sawu a gindin wani jirgi a kogin Saône, waya a kunne, ina fassara maganar da ni kaina ban gane kanta ba.

Lokacin ina ɗalibi a Bron, kusa da birnin Lyon. Ni ɗan Damagaram ne, inda ruwa sai an bi layi da jarka, don haka sanina da jirgi bai wuce sanin kaza da iyo ba. A masallacinmu na saba da wani dattijo ɗan Cadi, wanda ya tashi yana kamun kifi da gyaran kwalekwale a Tafkin Cadi. Kowa Baba yake ce masa. Wata tsohuwar Bafaransa ce ta ba shi ɗaki a dogon jirginta, irin waɗanda ake mayarwa gida, shi kuma yana kula mata da shi. In ka cire wannan ɗakin, ba shi da wurin sa haƙarƙari a duk Lyon.

Da ta tafi Paris wurin 'yarta da ta haihu, ta bar masa sallahu ya riƙa tayar da inji lokaci-lokaci, farfela ta juya, jirgin yana ɗaure. Wata Asabar ya gayyace ni shan shayi, amma ashe aikinsa yake so ya nuna mini. Muka sauka ƙasa, ya haska mini inda sandar ƙarfen da ke juya farfela take ratsa jikin jirgin ta fita cikin kogi.

"Nan ruwa ke ɗiga, ɗana, ita ko ba ta lura ba," in ji shi. "Na ɗaure notocin wurin tam, na cusa tsumma da kwalta. Taɓa ka ji, ƙayau!"

Na yaba, don ni ma a ganina gyara ke nan. Ya tayar da inji, muka hau sama. Ba mu gama kofin farko ba na ji ƙauri. Muka ruga ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Baba ya kai hannu kan ƙarfen, ya janye da salati. Yana kashe inji sai ga ruwa, ba ɗigo ba wannan karon, tsiyaya sosai.

Faransancin Baba na cefane ne kawai, don haka ni na kira mai jirgin a waya. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce mu kunna famfon kwashe ruwa, mu ɗauko wani gwangwani mai igiya da ta sha maiko, sannan mu kwance notocin mu zaƙulo duk abin da ya ƙone.

"Mu kwance?" in ji Baba. "Ruwa na shiga, ta ce mu buɗe mishi ƙofa?"

Kaina ya ɗaure, amma haka muka yi. Ruwan ya ƙaru. Ina riƙe da tocila da waya, Baba yana yanka igiyar zobe-zobe yana turawa kewaye da sandar. Da ya mayar da notocin, tsiyayar ta koma ɗigo. Ya gyara tsayuwa zai ƙarasa ɗaurewa, sai ta ce in tsayar da shi, a bar shi yana ɗiga.

Na sake tambaya, ko kunnena ne. Ta ce ruwan nan shi ke sanyaya ƙarfen in yana juyawa, in an hana shi sai igiyar ta ƙone.

"Wallahi ban taɓa jin wagga magana ba," in ji Baba. "A tafki, wanda ya ga yoyo ya ƙyale, rai ya kashe."

Ga dattijon da ba na iya musa wa, ga mai jirgi a waya, ni kuwa a tsakiya ban san gabas ba balle yamma. Can dai ya ajiye ƙarfen ɗauri, ya sake tayar da inji. Muka jira. Ya ɗora hannu a hankali, wurin sanyi ƙalau. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Tambaye ta yaushe zan kwashe kayana."

Na tambaya, tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Sai na ji dariya daga Paris. Ta ce marigayi mijinta ma haka ya ƙona wurin a shekararsu ta farko a jirgin. "Gaya masa, mutumin da ɗigo ɗaya ya hana sukuni, shi nake so ya kwana a jirgina."

Baba ya zauna a kan matakala, ya share fuska da hularsa. "Tun ina yaro nake yaƙi da yoyo," ya ce, "yau ga ni an sa ni gadinshi."

Yanzu ina Saint-Denis kusa da Paris da iyali, kuma darasin ranar ya fi yi mini amfani a kan 'ya'yana. Duk sanda na ji hannuna na son matse su har ƙarshe don tsoron kada su lalace, sai in sassauta kaɗan. Na gani da idona, abin da aka matse fiye da kima, ƙonewa yake yi.