Ruwan da Manzon Sarki Ya Ƙi Sha

Shekaruna sun yi nisa a Saint-Denis, nan gefen Paris, amma har yau idan sanyi ya shigo, hancina yakan nemi ƙamshin karan dawa yana ci da wuta. A garinmu na bakin tafki, kudu da Maraɗi, bayan an kai amfanin gona rumbu, kakata Iya Tabawa takan hura wuta a tsakar gida da zarar an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, gyaɗa na gasuwa cikin toka.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, "wa zai tarbe ta?"

"Mu ne, Iya!"

"Kai mai kan tulu, matsa, ka tare mini wuta." Ni take nufi.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Wani sarki ya yi niyyar kafa gada bisa tafki da gumagumai na giginya, don 'yan kasuwa su huta da kewaye. Niyya ce ta alheri. Ya aiki manzo unguwar masunta. Aka shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Aka kawo ruwa cikin ƙoƙo, ya ce sauri yake yi. Daga tsaye ya isar da saƙo, masunta suka ce, "Mun ji." Aka kafa gumagumai, laka ta haɗiye su. Aka sake, ta sake haɗiyewa, kifi kuma ya gudu, domin a gurbin da yake zuba ƙwai aka kafa su. Alhali akwai dutse shimfiɗe ƙarƙashin ruwa, kowane masunci ya san inda yake.

"Iya, don me ba su faɗa ba?"

"An tambaye su? Gaya musu aka yi."

Na girma, karatu ya kawo ni Faransa, aiki ya riƙe ni. Sai ga 'yata Hadiza ta zama injiniya a wani kamfani a Lyon, masu kafa manyan fankoki cikin teku, iska ta juya su a samu lantarki. Aka tura ta wani garin masunta a gaɓar yamma ta nemi yardarsu. Wata Lahadi ta kira ni a tarho, muryarta a dusashe.

"Baba, c'est fini, ta ƙare. Na nuna musu taswira, na yi bayani, suka naɗe hannu suka fita. Shugabana ya ce zuwa ɗaya ya rage mini, in ba su saurara ba a ba wani aikin."

"Taswirar, an riga an ɗiga inda za a kafa?"

"An ɗiga."

"Kin sha ruwansu?"

"Haba Baba, kafe suke sha, gahawa mai ɗaci kamar maɗaci."

Na ba ta labarin Iya Tabawa, da Hausar da aka ba ni shi, ban rage ba. Ta koma ba takarda a hannu. Kwana uku tana zama inda suke shan kafe bayan sun sauke kifi, tana tambayar ruwa da iska da tsadar mai. A na huɗu wani dattijo ya ce ta kawo taswirar, ya ɗora babban yatsa a kanta, ya ce nan kifi ke zuba ƙwai. Aka matsar da wasu fankokin. Ba dukansu suka yarda ba, amma sun zauna, aikin kuma bai bar hannunta ba.

Da ta zo Paris ta gaishe ni, ta ce, "Baba, gadar fa? An gina ta daga baya?"

Ashe ban taɓa jin ƙarshen labarin ba. Kullum a nan barci yake ɗauke ni bisa ƙafar Iya. Na daɗe ina zaton manzon kaɗai ta yi wa faɗa. Yanzu na ga ni ma sauri nake yi: shekaru ina cewa baɗi zan je gida in zauna in tambaya. Waɗanda suka ji ƙarshen labarin duk sun riga mu gidan gaskiya.