Hatsi a Ƙarƙashin Gado

Ɗakin da na kama haya a Tawa, shekarar da na fara aiki a biro, wato ofis, idan na miƙa hannuwana biyu saura kaɗan in taɓa bango da bango. Ni kuwa ba na son tarkace, ko takalmi na gani a karkace sai raina ya ɓaci. Don haka na kira wani kafinta na unguwarmu, na tsaya a kansa har ya yi mini abin da nake so. Ya kafa kantoci na siraran katako har kusa da rufi, na kofuna da littattafai. Ya yi tebur mai naɗewa ya manne da bango. Sai gado, wanda na ce ya yi shi daidai faɗin mutum ɗaya, ya buga shi a bango da ƙusoshi, ƙarƙashinsa kuma ya yi babban aljihu da ake jawowa. Abin da ya rage a ƙasa wurin tabarma ɗaya ne, nan nake sallah. Maƙwabta na leƙowa suna yabawa, ni ko sai hura hanci nake.

Bayan kaka aka kawo mini Inna daga ƙauyenmu na wajen Barmu. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Likita ya ce za a yi wa ɗaya aiki, a jira ya warke, sannan a yi ɗayan, kuma kada ta yi nisa da asibiti. Ba ta zo hannu sake ba, ta zo da buhun hatsi cike, na gonarta, wanda ita ta sussuka shi da lalube. Ban yi wani tunani ba na jawo aljihun gado na tura buhun, ya shige cif kamar don shi aka yi. Na bar mata gado, na koma tabarma.

Aikin farko ya yi kyau. Da aka cire mata auduga ta yi ta kallon ɗakin tana dariya, wai tebur ya hau bango. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da ita tsaye, aljihun a buɗe.

"Ke, mi kinka aje nan?"

"Hatsinki ne, Inna. Ba ƙwari, ba ɓera."

"Bisa hatci nike kwana tun zuwana? Bisa abincin da Allah ya ba mu?"

A gidanmu ko zangarniya ce ta faɗi ba a tsallake ta, balle a zauna a kan buhu. Na san haka sarai, na tashi da shi. Amma a idona aljihu ne kawai. Na yi ta bayani cewa akwai katako a tsakani, akwai katifa. Ta ce katako bai hana sama zama sama ba, ta rantse ba ta ƙara hawa sai an fitar.

Muka fitar. Buhun ya cinye rabin wurin tabarma. Na rarraba hatsin a ƙananan ledoji na jera a kanta, kafin la'asar katakon ya lanƙwashe, dole na sauke. Gidan kuwa na haya ne, awakin mai gida na yawo a tsakar gida, shi ma ya ce ba a ajiye kaya a waje. Matar da ke kusa da ni ta so ta taimaka, amma ita da 'ya'yanta a kan juna suke kwana. Na je neman kafinta ya ɓalle gadon ya sake mana tsari, aka ce ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan tun bayan girbi. Wani kafintan da na kawo ya duba ya ce in aka cire ƙusoshin nan bangon zai biyo su, mai gida kuma ya ji, ya ce kada a kuskura. Na taɓa zancen mu ba da hatsin sadaka, sai na ga fuskarta, na haɗiye sauran maganar.

Haka muka zauna, ita a gado, buhu a ƙasa, ni a naɗe tsakaninsa da ƙofa, gwiwoyina a ƙirji. Na ce mata ina jin daɗin kwanciyar. Bayana ya riƙe, ina tafiya biro a karkace, ina jin haushin ɗakin da ni na tsara shi da bakina. Ban taɓa jin na kasa komai ba kamar a kwanakin nan.

Ranar kasuwa da safe na ga ta ɗaure ƙullin kayanta.

"Inna, saura ɗaya idon fa. Lokacin ya kusa."

"Ɗiyata, kai ni tasha in tahi gida."

Na roƙe ta, na yi kuka, na ce zan nemi wani ɗakin, alhali na san ba samu zan yi ba kafin ranar aikin. Ta saurare ni har na gama. Da motar Barmu ta cika ta leƙo ta taga, ta juyo da lafiyayyen idon wajena.

"Da ban gani, kwana nike lahiya, ina cewa ke ma haka. Ɗayan a bar shi rufe. Abin da wanga ya gwada min ya ishe ni."

Ba ta sake yarda ta zo Tawa ba.