Gwiwar Inna da Fushin Kawu

Inna ba ta taɓa gaida Kawu a tsaye ba. Yayanta ne ciki ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Ko bayan ta yi jikoki, in ta shiga zaurensa a Djougou sai ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta jero gaisuwa har ta tambayi lafiyar awakinsa.

Sai gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Ba ta gaya wa kowa ba, don Inna gara ta suma da ta ce wash a gaban mutane. Wata ranar Sallah ta shiga gaida shi, ta yi ta yi gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sai ta ɗan rusuna ta gaida shi a tsaye. Zamanin juyin juya hali ne kuwa, kowa ya zama kamarad, wai babu babba babu yaro, samari na miƙa wa dattawa hannu suna cewa durƙuso tsohon yayi ne. Kawu ya ɗauka abin ya shigo masa har gida. Bai amsa ba. Da ta fita ya ce wa matarsa, "Ashe ita ma ta zama kamarad." Wata huɗu ko goro bai aika mata ba.

Ciwon bai sa Inna kuka ba, wannan ne ya sa ta. Lokacin ina aure a Parakou, unguwar Titirou, na matsa mata har ta zo muka je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashin gwiwar. Likita ya ɗaga shi ga hasken taga yana bayani da Faransanci, ina mayar mata da Hausa: tsakanin ƙasusuwan nan biyu ya kamata a ga ɗan fili, wurin guringuntsi ke nan. Nata ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ya rubuta magani, ya hana ta durƙuso. Inna ko ta kan maganin ba ta bi ba.

"Tambaye shi," in ji ta, "zai ba ni hoton in tafi da shi?"

Na raka ta Djougou. A taksi an cusa mu kamar doya a buhu, amma ambulan ɗin da aka sako hoton a ciki yana rungume a ƙirjinta, ko lanƙwasa bai yi ba. Ba ta yarda mun biya gida ba, sai zauren Kawu.

"Yaya, ga shaidata."

Ya karɓa ya riƙe shi a juye, yana ta gyaɗa kai kamar ya gane. Na danne dariya na juya masa, na nuna masa inda ƙashi ya haɗu da ƙashi. Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu kina durƙusa mini a kan wannan?"

Sai ta dafa bango ta fara sauka ƙasa, gwiwar na ƙara har ina ji daga inda nake. Ya daka mata tsawa, "Kul!" Ya lalubo sandarsa, ya yi ta fama har ya miƙe. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kawu ya tashi don wani na ƙasa da shi ba.

"To," ya ce, "gaishe ni."

Suka gaisa a tsaye, tana share hawaye da bakin mayafi. Har ya bar duniya, duk ranar da ya ji sallamarta sai ya nemi sandarsa.